Sha Ɗaya Cikin Sittin

Assalamu alaikum, ku da kuke ɗaukar waya kuna karanta ni. Wata baiwar Allah ta rubuto mini tana tambaya, wai yaya aka yi 'yar Nijar da ba ta taɓa zama ajin Turanci ba take karatun aikin lafiya a Najeriya, kuma ba ta gudu ba? Da na karanta sai da na yi dariya ni kaɗai. 'Yar uwa, saura kaɗan in gudu. Bari ku ji yadda aka yi, da kuma inda maganar ta kai ni yanzu, domin ni kaina ban san mafita ba tukuna.

Sunana Latifa, 'yar Madawa ce ni. Babana fataucin albasa yake yi zuwa kasuwar Illela tun kafin a haife ni. Duk karatuna na boko da Faransanci na yi shi, har na gama sakandare. Tun ina ƙarama burina in zama ungozomar asibiti, amma da na zauna jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Tawa ban samu gurbi ba. Na yi wata huɗu a gida ina wanke-wanke ina kumburi. Rannan Baba ya dawo daga kasuwa ya ce akwai wata makarantar koyon aikin lafiya a Illela, kuma suna ɗaukar 'yan ƙetare.

"Hausa suke ji, Hausa kike ji," in ji shi. "Turancin kuma ai kai gare ki."

A gidan Hajiya Tasalla ya sauke ni, matar marigayi mai masaukinsa. Atamfa da leshi take sayarwa a cikin gida. Gida ne mai zaure babba, tsakar gidan an shafe shi da siminti, ga rijiya a gefe, ga randuna biyu a gindin bishiyar dogon yaro. 'Ya'yanta duk sun yi aure, sai ta ba ni ɗakin autarta, da gadon ƙarfe da labule ruwan goro da madubi mai tsage a kusurwa. Na ce a raina, wannan ai gida ne.

Ranar farko na goge fararen kayan makarantata sai ƙyalli suke, na sa hijabi shuɗi. Malami ya shigo aji, ni kuwa na miƙe tsaye kamar yadda muka saba, na gaishe shi da Faransanci da ƙarfi, "Bonjur Mushe!"

Ajin nan ya kwashe da dariya, har malamin sai da ya juya fuskarsa ga allo. Daga ranar sunana ya koma Bonjur. Ba da mugunta suke faɗa ba, yanzu na sani. Amma a lokacin, duk sanda na ji sunan sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na koma kujerar baya. Malami zai yi awa biyu yana zuba Turanci, ni kuwa ina kwafar abin da ke allo harafi bayan harafi, kamar mai zanen lalle. In na dawo gida in buɗe littafi, in zuba masa ido har la'asar, ba abin da ya shiga. Kaina ya fara ciwo kullum da yamma. Abinci ya daina wucewa. Siket ɗin da Inna ta ɗinka mini sai da na riƙa kama shi da fil, in na taje kai kuwa gashi ya cika matajin.

A gidan akwai wuri ɗaya da layin Nijar yake kamawa, can bayan dogon yaro, jikin katanga. Nan nake tsayawa in kira Inna.

"Latifa, lahiya dai? Ya karatu?"

"Lahiya lau, Inna. Karatu sai godiya."

In kashe waya, in jingina da katanga.

Da aka yi gwajin farko aka liƙa sakamako a bakin ofis. Na fara neman sunana daga sama, daga baya na gane daga ƙasa ya fi kusa. Maki sha ɗaya cikin sittin. Ni da ban taɓa wuce ta uku a ajinmu ba. Aka ce waɗanda suka faɗi za su sake zama bayan mako biyar, wanda ya sake faɗuwa kuma sai dai ya nemi wata hanya. Ban gaya wa kowa ba.

To, a nan Usama ya shigo. Malamin makaranta ne a Madawa, ɗan aminiyar Inna, kuma ya fi shekara yana aiko da gaisuwa gidanmu. Ban taɓa ce masa e ba, ban kuma ce a'a ba. A makon nan ya turo mini saƙo:

"Latifa, ina wuni. Na biya wajen Inna yau, ta ce muryarki ta sake. In wurin nan bai karɓe ki ba, gida yana nan. Ba wanda zai yi maki dariya."

Ku fahimce ni, Usama ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Saƙon nan na karanta shi ya fi sau ashirin, kowane karo sai in ji ƙafafuna suna son hanya.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, yayana Bashar ya kawo albasa ya biyo ya gan ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke, mi yas same ki? Ciwo kinka yi?"

"Zafi ne, Yaya."

"Zafin Illela ya fi na Madawa?" Ya girgiza kai. "Ni tun farko ban so wagga tahiya ba. In sakamakonki bai yi kyau ba, ni da kaina zan zo in ɗauke ki. Ga yaron kirki can shina jira, ke kina nan kina ƙarewa."

Ranar Laraba bayan azahar na jawo jakata daga ƙarƙashin gado. Na ninke zannuwana, na sa takalma a leda. Niyyata da safe in hau babur zuwa Ƙonni, daga nan in shiga motar gida. Ina cikin danna kaya sai labule ya ɗaga. Hajiya Tasalla ce, riƙe da sabuwar atamfa tana son in taya ta duba ko zubinta zai karɓu. Ta dubi jakar, ta dube ni. Sai ta aje atamfar ta zauna bakin gado, ta cire ɗankwalinta tana fifita da shi.

"Tahiya za a yi ba sallama?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, sai kuka ya riga ni. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni har na gaji, sannan na gaya mata komai, tun daga Bonjur har sha ɗaya.

"Ɗiyata," ta ce, "kin san mi as sunana?"

"Tasalla mana, Hajiya."

"Ba shi ne ba. Ni Bazabarma ce daga Doso. Ranar Salla anka kawo ni gidan nan, shi ya sa uwar mijina ta sa mani Tasalla. Da na zo, ko ruwa ban iya roƙo da Hausa ba. Mijin ni na zaɓe shi, amma wata uku kullum sai na yi kuka bayan rijiyar can. Akwai wata maƙwabciya, Allah ya jiƙanta, ita ta ga halin da nike ciki. Kullum sai ta ɗauko turminta ta shigo mu yi daka tare. Ta nuna taɓarya ta faɗi sunanta, in maimaita, ta yi dariya, ni ma in yi. Ba ita kaɗai ta koya mani Hausa ba, amma ita ta hana ni gudu."

Na share hanci da bakin hijabi. Tun zuwana gidan, ban taɓa jin ko alamar baƙon harshe a bakinta ba.

"Ba ni hana ki tahiya," ta ce. "Amma ki ba ni Juma'a guda. In ta wuce kina kan bakanki, ni zan raka ki tasha."

Ashe a kwana biyun nan Hajiya ta baza saƙo ta bakin masu sayen atamfarta: duk inda aka san 'yar Nijar mai karatu a garin, a ce Hajiya Tasalla tana kiranta cin dambu. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga 'yan mata biyar sun yi sallama. Uku daga cikinsu makarantarmu ɗaya, ina wuce su kullum ban sani ba. An shimfiɗa babbar tabarma a inuwa, aka aje dambu da zogale irin na gida, da man gyaɗa da yaji, ƙamshin ya cika gidan.

Babbarsu Humaira ce, 'yar Ƙonni, tana aji biyu. Doguwa, baƙar abaya, tabarau a kan hanci, murya kamar ta mai shela. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Wace ce Bonjur ɗin?"

Na ɗaga hannu a hankali.

"Nawa kinka ci?"

"Sha ɗaya."

"Kai! Ashe gwana ce. Ni tara na ci a nawa."

"Ni sha huɗu," in ji wata.

"Ni ban ma je duba allon ba," in ji ta ƙarshe, "aike na yi."

Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba. Rabona da dariya irin wannan tun a tsakar gidanmu. Humaira ta jawo littafina ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan wata kalma.

"Mi kuke ce ma babbar jijiyar jini a lakwal, da Faransanci?"

"Artère."

"To dibi nan. Karanta."

Na duba. Artery. Na sake dubawa.

"Kin gani? Rabin kalmomin likitanci kin san su tun tuni, riga kawai sunka sake. Tsoro ne ya rufe maki ido. 'Yan ajinku haddace su suke, ke kuwa gaisawa kawai za ku yi."

Ta nuna mini nata littafin. Kowane shafi ta raba shi gida uku, Turanci, Faransanci, Hausa. Ranar nan kwano biyu na ci. Kafin su tafi aka buɗe mana zaure a waya, Humaira ta sa masa suna 'Yan Dambun Juma'a. Da safe Hajiya ta leƙo ta ga ina goge fararen kayana. Sai ta aje mini kunu ta wuce.

Kada ku ɗauka komai ya warware nan take. Akwai ranakun da na dawo daga aji na kwanta ina kallon rufi. Bambancin shi ne yanzu in abu ya shige mini duhu sai in ɗauki hotonsa in tura, kafin in sha ruwa wata ta amsa. In kaina ya yi zafi in rubuta, "Yau dai ba ni da daɗi," sai ga Humaira a bakin ƙofa da rake. Na matso kujera ta uku. Rannan wata 'yar ajinmu ta ce, "Bonjur, ara mini biro," na ce, "Sai kin ce sil vu ple." Wato don Allah ke nan da Faransanci. Aka yi dariya, amma wannan karon da ni aka yi.

Darasi ɗaya ne ya gagare mu duka, na magunguna. A Juma'a ta uku Hajiya ta ce ta samo mana malami. Ɗan Malam Mukhtari ne, maƙwabcinmu mai Islamiyya. Sunansa Izzuddeen. Ya yi shekaru yana karatun haɗa magunguna a Sudan, yaƙi ya koro su saura shekara guda ya gama.

Ya shigo da farar jallabiya da hula, siriri, idonsa a ƙasa. Aka aje masa benci a bakin zaure, Hajiya ta zauna tsakaninmu da shi tana tsinkar zogale. Ya yi bayani da Hausa a nutse, sannan ya ce kowa ta karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Da aka zo kaina harshena ya harɗe a kalma ta huɗu. Na sunkuyar da kai, ina jiran dariya.

"Ki sake," ya ce. "Ba mai sauri nan."

Na sake, na sake harɗewa.

"Ni da na isa Sudan," ya ce, har yanzu idonsa a littafi, "na ɗauka na iya Larabci, tunda gidan malamai na tashi. Ranar farko na shiga shago na yi magana irin ta littafi, mai shagon ya kira maƙwabtansa su zo su ji. Wata shida ban ƙara buɗe baki ba. Wata tsohuwa mai shayi a bakin makaranta ita ta riƙa zaunar da ni tana gyara mani. Ki sake, Malama Latifa."

A karo na uku na wuce.

Daga baya ne Hajiya ta gaya mini cewa tun dawowarsa ba ya fita sai masallaci, ba ya hira da kowa, mahaifiyarsa har kuka ta zo ta yi mata. Ashe mu biyu Hajiya take jinya da dambu ɗaya. Yana zuwa kowace Juma'a, a tsakiyar mako kuma ya turo bayani da murya a zauren waya. Zan faɗi gaskiya tunda na yi alkawarin gaskiya: akwai bayanin da na gane tun a jin farko, amma na saurare shi sau biyar.

Aka sake gwaji. Ranar da aka liƙa sakamako Humaira ta riƙe mini hannu har bakin allo. Arba'in da ɗaya. Ta saki guɗa a tsakiyar makaranta, sai da wani malami ya leƙo ta taga.

Da na dawo gida na wuce bayan dogon yaro na kira Inna. Na gaya mata arba'in da ɗaya, sannan na koma baya na gaya mata sha ɗaya, da ciwon kai, da jakar da na haɗa.

Sai ta ce, "Latifa, ni na haife ki. Duk lahiya lau ɗin da kike ce mani, in na aje waya sai in ɗauki tasbaha. Ba ni Hajiya in yi mata godiya."

Sun fi rabin awa suna magana, har ina jin Hajiya tana cewa, "Ai ɗiya ta kowa ce."

Washegari Alhamis, ina shanya, wayata ta yi ƙara. Lambar Izzuddeen ce, kuma ba a zaure ba, ni kaɗai.

"Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara basira. Na nemi izinin Hajiya kafin in rubuto. Ina son in nemi aurenki ta hanyar da ta dace, in kin amince. Ba na son ki bar karatu, ni ma ina neman inda zan ƙarasa nawa. Ba sai kin amsa yau ba."

Zanin da ke hannuna ya faɗi ƙasa, sai da na sake wanke shi. Na rubuta "Wa alaikumus salam," na goge. Na rubuta "Na gode," na goge. Na tambayi Hajiya abin da zan ce, ta ce, "Ni dambu na iya, wannan kuma tsakaninki da Ubangijinki ne. Ki yi istihara."

Ban gama da wannan ba, ranar Asabar sai ga na Usama:

"Inna ta gaya mani. Wallahi na yi murna, ko da yake zuciyata ta so ki dawo. Gobe zan biyo Yaya Bashar. Ina son in ji daga bakinki."

Ranar Lahadi na sa doguwar riga ta atamfa mai ruwan ƙasa da ganye, wadda Hajiya ta ɗinka mini tukuicin cin gwaji, na yafa mayafi ruwan madara. Bayan la'asar suka iso. Hajiya ta sa aka shimfiɗa musu darduma a zaure, na kai fura da ruwan sanyi na durƙusa na gaishe su. Usama ya sha shadda ruwan toka, ya rame kaɗan, yana ta juya makullin babur a hannunsa.

Yaya Bashar ya dube ni. "Kin yi ƙiba."

"Dambu ne, Yaya."

"To, mi kinka yanke? Baba ya ce a bar maki zaɓi. Ni dai har yanzu ina ganin gida ya fi."

Da can in Yaya ya yi magana ƙasa nake kallo. Ranar nan na ji muryata ta fito ba rawa.

"Yaya, ku yi haƙuri. Zan zauna in gama. Ina da mutane a nan."

Ya buɗe baki, sai Usama ya riga shi. "Shekara nawa ya rage?"

"Kusan uku."

Usama ya zuba wa makullin ido. Na ɗauka zai tashi. Wallahi a raina har na fara tausaya masa, na fara shirya kalmomin ban haƙuri.

"Uku ba ta da yawa," ya ce a hankali. "In kin ce in jira, zan jira. Madawa ma tana buƙatar ungozoma."

Ban shirya wa wannan ba. Mutumin da na ɗauka so yake ya mayar da ni baya, ga shi ya ce zai tsaya inda yake har in iso. Yaya Bashar ya yi murmushi karon farko tun zuwansa, ya ce, "To alhamdu lillahi, magana ta yi daɗi. Sai mu gaya ma Baba..."

"Salamu alaikum."

Muryar dattijo ce daga ƙofar gida. Na san ta, kullum ina jin ta ta kan katanga tana biya wa ɗalibai karatu. Malam Mukhtari ne, da rawaninsa da sandarsa, ƙaninsa yana biye da shi. Ya ce ya ji an ce yayan Latifa ya shigo gari, shi ne ya ga bai kamata ya koma ba su gaisa ba, domin akwai 'yar magana.

Yaya Bashar ya miƙe da sauri ya ba su wuri, suka gaisa hannu biyu. Usama ma ya miƙe. Sannan Yaya ya juyo wajen Hajiya, wadda ta fito ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ya rage murya.

"Hajiya, wace magana ce?"

Hajiya Tasalla ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ina durƙushe da faranti a hannu, wayata a cikin mayafi da saƙon da yau kwana uku ban amsa ba.

"Latifa," ta ce, "ke za ki gaya mashi, ko ni?"